Mudun mai gyaran rediyo ma sai an auna shi

Saura mako guda a kama azumin bara, kawuna ya miƙo mini rediyonsa a cikin leda, ya ce in kai wa mai gyaransa a Zongo. Tsohon rediyo ne mai allura, mai zango huɗu, wanda ya taso da shi daga Zangouettin lokacin da aka tashe su. Ciwon ba wani babba ba ne, abin ƙara murya ne yake ƙaraf-ƙaraf in an murɗa. Mai gyaran ya canza shi nan take. Don girmama tsohon abokin ciniki kuma, ya ce in bar rediyon ya kwana, zai yi masa saiti kyauta.

Da na dawo da shi gida, kawu bai yi minti biyar yana murɗawa ba ya ɗago kai. Ya ajiye allura a kan 103.9, inda ya saba samun Oméga, sai ga Savane FM tana magana, ita da mazauninta yake 103.4. Ya juya gajeren zango don jin labaran Hausa, muryar da a da take cika tsakar gida ta koma can ƙasa kamar daga cikin rijiya.

"Ɗana, wannan ba rediyona ba ne," in ji shi. "Mayar masa."

A shagon na tarar ba ni kaɗai ba ne. Rediyo biyu na kan benci, su ma an dawo da su a makon da ƙorafi iri ɗaya. Dattijon bai yi gardama ba. Ya nuna mini wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka a kan kanta, mai babban abin murɗawa da allon lambobi da ya fara yin ja saboda tsufa.

"Ka gaida Alhaji, ka ce masa laifin daga wajena ne. Muduna ne ya lotsa ban sani ba."

Wannan akwati masu sana'ar suna ce masa janareta, amma ba irin na ba da wuta ba ne. Aikinsa fitar da siginar rediyo a kan lambar da aka zaɓa, don a gwada wasu na'urori da ita. A nan za mu kira shi akwatin sigina. Kwana uku na yi ina komawa shagon ina kallon yadda ake dawo da shi kan gaskiya.

Abin da rediyo yake a wajenmu

Bahaushe ba baƙo ba ne a Wagadugu. Hanyoyin fataken goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sun ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi, kuma sunan Zangouettin kansa a yaren More yana nufin mazaunin Hausawa. A 2003 aikin ZACA ya rushe unguwar tare da maƙwabtanta. Wasu aka ba su filaye a wajen Ouaga 2000 da Nioko, wasu suka bazu a unguwannin gefen gari. Mutanen da a da ƙofa ke kallon ƙofa, yau sai an hau babur kafin a gaisa.

Gidan rediyon ƙasa ya fara aiki a 1959. A ƙarshen 1990 marigayi Moustapha Thiombiano ya buɗe Horizon FM, wadda ake lissafawa cikin tashoshi masu zaman kansu na farko a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. Yau allon FM na Wagadugu a cike yake maƙil, har da tashoshin Musulunci irin su Al Houda. Sai dai yawancin shirye-shiryen da More da Faransanci da Jula da Fulatanci ake yi, Hausa kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Shi ya sa dattawanmu suka riƙe gajeren zango. Ta nan suka saba da sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da na Jamus da ya fara a 1963, da Muryar Amurka a 1979, da Rediyon Kaduna a kan mita 49.

Matasa sun koma wayar hannu, gaskiya ne. Amma waya na buƙatar kuɗin intanet da caji, rediyo kuwa batir biyu sun ishe shi makonni. Ga tsohon da idonsa ya yi rauni, wanda ya haddace mazaunin kowace tasha a kan allo, allurar da ta fara ƙarya ba ƙaramar asara ba ce.

Yadda rediyo yake tsince tasha ɗaya

Kowace tasha tana aiko da igiyar da ke bugawa sau wani adadi a sakan ɗaya. Bugu ɗaya a sakan shi ne haz ɗaya, sunan da aka ɗauko daga Bajamushen masani Heinrich Hertz. Bugu 1,000 kilohaz ɗaya ke nan, miliyan ɗaya kuma megahaz ɗaya. In aka ce tasha tana kan 103.9, ana nufin igiyarta na bugawa sau miliyan 103 da dubu 900 a kowane sakan. Mitar da muke ji ana faɗa a gajeren zango tsawon igiyar ne. Raba 300 da lambar megahaz, sai ka same ta. Megahaz 6 ta ba da mita 50 ke nan, megahaz 15 kuma mita 20.

Kusan duk tsofaffin rediyoyi suna bin dabarar da Ba'amurke Edwin Armstrong ya fito da ita a 1918. A cikin rediyon akwai ɗan sashe mai fitar da nasa bugun. Ana haɗa wannan bugu da na tashar da ake so, sai bambancin da ke tsakaninsu ya fito a kan lamba ɗaya tak da ba ta canzawa: kilohaz 455 a yawancin rediyoyi ga matsakaici da gajeren zango, megahaz 10.7 ga FM. Daga nan sigina ke ratsa wasu ƙofofi a jere, waɗanda aka saita su bar wannan lamba kaɗai ta wuce. In ka taɓa buɗe bayan rediyo ka ga ƙananan gwangwanaye masu kai rawaya da fari da baƙi, su ne. Kowane ɗaya naɗin waya ne da kwandansa, da ɗan baƙin kusa a tsakiya da ake juyawa.

Ƙofofin nan dole su kalli waje ɗaya. In ɗaya na kan 455, ta biyu na kan 464, tasha mai ƙarfi ta cikin gari za ta kutsa ta wuce, amma wadda ta taso daga nesa ta iso a gajiye ba za ta kai lasifika ba. Kunne kaɗai ba ya iya wannan saiti yadda ya kamata, don siginar tasha tana hawa tana sauka. Ana buƙatar sigina tsayayyiya da aka san lambarta. Akwatin sigina ƙaramar tasha ce a kan benci, mai gyara ya ce mata 455, ta ba shi 455. Matsalar ita ce ranar da ya ce 455 ta ba shi wani abu dabam, alhali allonta na nuna daidai.

Alkawari uku

Akwatin sigina yana yi wa mai shi alkawari uku. Na farko lamba, wato yawan bugu. Na biyu ƙarfin siginar da ke fitowa. Na uku sautin gwaji da ake ɗora mata, yawanci na haz 400 ko 1,000, don a ji ta a lasifika. Kowane ɗaya cikin ukun yana iya kaucewa.

Tsofaffin akwatuna masu allura irin na dattijon Zongo, ko suna sababbi, masu ƙera su sukan yi alkawarin kuskuren da bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 ba. A ji kamar ɗan kaɗan ne, amma a yi lissafi. Kashi 2 cikin 100 na kilohaz 455 ya kai kilohaz 9, wato daidai tazarar da ke tsakanin tasha da tasha a matsakaicin zango a Afirka da Turai. A FM kuwa, rabin kashi ɗaya cikin 100 na megahaz 104 ya ɗan haura kilohaz 500. Wannan ita ce tazarar Savane da Oméga, ita ce kuma tazarar Oméga da Horizon da ke 104.4. Kuskuren da ido ba zai gani a kan allon akwatin ba shi ne ya kai kawu gidan maƙwabciya.

Dalilan kaucewar duk mun san su a garin nan. Na farko zafi. A watan Maris da Afrilu zafin rana a Wagadugu yana kai wa maki 40, a cikin shagon kwano kuwa ya wuce haka. Waya na buɗewa in ta ji zafi, kwandansa na canza hali, lamba ta zame. Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke shiga tsakanin faifan kwandansa mai juyawa, sa'an nan damina ta zo ta jiƙa ta. Na uku wutar lantarki mai hawa da sauka, musamman inda ake haɗa shago da batir da faifan hasken rana. Na huɗu tsufa da girgiza. Dattijon ya ce akwatin ya taɓa zamowa daga kanta lokacin da ake gyaran rufi, ya duba ya ga yana kamawa, ya mayar da shi. Faɗuwar ta goce allura daga mazauninta, ta kuma motsa kusoshin da ke cikin naɗin waya.

Yadda aka dawo da shi kan gaskiya

Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki, don bai taɓa komai ba. Ya kunna akwatin ya bar shi, muka sha shayi. Na'urar awo tana buƙatar kamar rabin sa'a ta ɗumama, zafin cikinta ya tsaya waje ɗaya. Wanda ya saita ta da sanyi, bayan minti 30 saitinsa ya tashi. Ya kuma zaɓi safiya, kafin kwano ya ɗau zafi.

Sai neman shaida. Ba a gwada mudu da kansa, sai da wanda ya fi shi inganci. Shaida mafi sauƙi kuma kyauta ita ce manyan tashoshin gajeren zango, domin na'urorinsu suna tsaye a kan lambarsu ƙwarai. Ya kama ɗaya daga cikinsu da wani rediyo mai nuna lamba a gilashi, ya kusanto da wayar akwatin kusa da eriya ba tare da ya haɗa su ba, ya fara murɗawa a hankali. Da siginar akwatin ta matso kusa da ta tashar, sai wani fito mai tsini ya tashi. Fiton nan bambancin lambobin biyu ne kunne ke ji. Yana ƙara matsowa, fiton na yin kauri, ya koma gurnani, ya yi tsit. In ya wuce wurin, fiton ya sake tasowa ta ɗaya gefen. Wurin da aka yi tsit ɗin, nan ne lambobin biyu suka zama ɗaya. Kunnen mutum yana jin sauti har ƙasa zuwa wajen haz 20, saboda haka a kan megahaz 10 wannan dabara tana kai mutum kusa da gaskiya da 'yan kashi kaɗan cikin miliyan. Akwai ma tashoshin da aka kafa musamman don wannan aiki, irin su WWV ta Amurka a kan megahaz 5 da 10 da 15, da RWM ta Rasha a kan kilohaz 4,996 da 9,996 da 14,996.

A wurin da aka yi tsit ya duba allon akwatin, ya rubuta bambancin a takarda. Ya sake a wasu lambobi, ƙasa da tsakiya da sama. Kafin ya taɓa wani abu a ciki, ya fara daidaita allurar da hannu ta koma kan alamar farkon allo. Daga nan ya shiga saitin. Ƙa'idar ita ce a ƙarshen allo na ƙasa ana juya kusan da ke cikin naɗin waya, a ƙarshen sama ana juya ƙaramar kwandansar saiti. Taɓa ɗaya na motsa ɗayan, don haka sai an je an dawo sau uku ko huɗu. Da ɗan tsinken roba yake juyawa, domin sukudireban ƙarfe yana canza lambar da zarar ya kusanci naɗin, kuma yana fasa kusan. Bayan ya mayar da murfi ya sake gwadawa, saboda murfin ƙarfen ma yana da tasiri.

Kilohaz 455 babu tasha a kanta. Amma kowane akwatin sigina yana fitar da 'yan inuwoyi a kan ninkin lambarsa: sau biyu, sau uku, haka har sama. In yana kan 455 da gaske, za a ji inuwarsa a kan 910 da 1,365 a matsakaicin zango. A ranar farko ba a nan muka same ta ba. Ta goce sama sosai, abin da ya nuna duk ƙofofin rediyoyin nan uku an saita su a kan lambar da ba tasu ba.

A rana ta biyu ɗansa, wanda ke gyaran wayoyin hannu a cikin gari, ya zo da na'urar ƙirga bugu mai nuna lamba. Aiki ya yi sauri. Amma dattijon ya jefa masa tambaya.

"To ita wannan, wa ya auna ta?"

Tambayar tana kan hanya. Na'urar ƙirga bugu tana dogara ne da ɗan dutsen kuwaz da ke cikinta, irin na agogon hannu, wanda sau da yawa yake bugawa a kan megahaz 10. Dutse na gama-gari yana iya kaucewa da kashi 20 ko fiye cikin miliyan. A kan megahaz 100, kashi 20 cikin miliyan kilohaz 2 ne. Don gyaran rediyon gida wannan ya wadatar, amma injiniyan gidan rediyo yana son abin da ya fi haka. Akwai duwatsun da aka yi wa dabarar rama zafi, akwai waɗanda ake ajiyewa a cikin ɗan murhu mai zafi tsayayye, akwai kuma na'urorin da ke karɓar saitinsu daga taurarin GPS, waɗanda ke ɗauke da agogon atom. Daga can sarƙar ta kai ga ma'anar sakan kanta. Tun 1967 duniya ta amince cewa sakan ɗaya shi ne bugu 9,192,631,770 na atom ɗin siziyom. Ofishin ma'aunai na duniya yana Sèvres kusa da Paris, a nan gida kuma ABNORM ce hukumar da ke kula da ma'aunai da inganci. Da uba da ɗa suka gwada na'urar ƙirgar da tashar da aka yi shaida da ita jiya, suka ga ta yi daidai, sa'an nan dattijon ya yarda da ita.

Ƙarfin sigina ya fi wuyar awo

Lamba ana iya kama ta da kunne, ƙarfi kuwa sai da na'ura. Akwatunan sigina na zamani an gina su ne don su zuba siginarsu a cikin abin da nauyinsa yake om 50. In an haɗa su da hakan, lambar ƙarfin da ke kan allo gaskiya ce. In an bar bakin waya a buɗe, ko an haɗa da abin da ba ya jan komai, abin da ke fitowa ya ninka sau biyu. Masu koyo da yawa a nan suke faɗuwa, su zaci akwatin ne ya lalace.

Ana auna ƙarfin da abin da ake rubutawa dBm. Sifiri a wannan ma'auni miliwat ɗaya ne, wato kusan bolt 0.22 a kan om 50. Kowane ragin 20 yana raba bolt ɗin gida goma. Siginar tasha mai nisa tana iso wa eriya da 'yan maikurobolt, wato kashi kaɗan cikin miliyan na bolt ɗaya, kuma maikurobolt ɗaya a kan om 50 daidai yake da 107 ƙasa da sifiri. Don akwatin ya iya kwaikwayon irin wannan rauni, akwai jerin rezistoci a bakinsa masu rage ƙarfi mataki-mataki. Su ne suka fi saurin ƙonewa. Wanda ya haɗa rediyon oba-oba da akwatin ya danna abin magana bisa kuskure, ya gama da su a sakan ɗaya. Akwatin zai ci gaba da kamawa, amma lambobin ƙarfinsa sun zama tatsuniya.

Hanyar gwaji a ƙaramin shago ita ce a auna babban ƙarfi da na'urar da aka yarda da ita, sa'an nan a bi matakan ragewa ɗaya bayan ɗaya a ga ko kowane na rage abin da aka rubuta masa. A kuma duba yoyo. In murfi bai zauna ba ko wayar ta tsage, sigina na fita ta gefe, rediyo ya riƙa jin ta ko an rage ƙarfi har ƙarshe.

Abin da ya sa wannan ya shafi mai rediyo shi ne, kowane rediyo yana da dabarar rage wa kansa ji in sigina ta yi ƙarfi. In mai gyara ya cika masa sigina, duk inda ya juya kusa zai ji sauti kusan iri ɗaya, ba zai gane ƙololuwa ba. Saiti mai kyau da sigina mafi rauni ake yin sa, wadda da ƙyar ake ji.

Abin ya wuce shago

Kuskuren rediyon karɓa a gida ɗaya yake tsayawa. Kuskuren na'urar watsawa kuwa yana shiga gidan kowa. Zangon FM ya fara daga megahaz 87.5 ya tsaya a 108. Daga 108 zuwa 137 na jiragen sama ne: kashin farko na na'urorin da ke nuna wa jirgi hanya da saukowa, daga 118 kuma na maganar matuƙi da hasumiya, har da lambar neman agaji ta 121.5. Filin jirgin Wagadugu a tsakiyar gari yake, mutanen tsohuwar Zangouettin sun fi kowa sanin ƙararsa, kuma ASECNA ce ke kula da zirga-zirgar sararin samaniyarsa.

Na'urar watsawa da ba a saita da kyau ba tana fitar da ƙazanta a wajen lambarta. Ko tashoshi biyu masu ƙarfi da ke kusa da juna, siginoninsu na iya gauraya su haifi ta uku. Misali, ninka 107 sau biyu ka cire 95, ka samu 119, wato cikin zangon matuƙa jirgi. Shi ya sa rabon lambobi yake hannun hukuma. ARCEP ce ke kula da zangunan sadarwa a ƙasar nan. Duk kwamitin masallacin da wani ya ba shawarar sayen 'yar na'urar FM mai araha don tafsiri ya isa gidaje, ya san cewa watsawa sai da izini, kuma lambar da irin wannan na'ura ke nunawa a gilashinta ba ta faɗin abin da take zubarwa a gefe.

Sana'ar tana canzawa

Sababbin rediyoyi masu araha da suka cika kasuwa yawanci ɗan guntun kwamfuta ɗaya ne ke yin duk aikin a cikinsu, babu gwangwanin da za a juya. In sun lalace, jefarwa ake yi. Amma buƙatar awo ba ta ragu ba. Gidajen rediyo, da rediyon oba-oba na masu gadi da 'yan agaji, da eriyoyin sadarwa, duk suna buƙatar wanda ya san lamba da ƙarfi. Kayan awon ma sun yi sauƙi. Yau akwai akwatin sigina da na'urar duba zango da ke shiga aljihu, masu fitar da lamba daga dutsen kuwaz ba daga allura ba. Sai dai nuna lambobi takwas a gilashi ba ya nufin duk takwas ɗin gaskiya ne. Su ma sai an kai su gaban shaida.

Mu Musulmi wannan magana ba sabuwa ba ce gare mu. Akwai sura guda a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifin, da ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye awo. Dattijon Zongo bai tauye wa kowa da gangan ba. Duk da haka bai ɗauki rashin sani a matsayin uzuri ba. Ya ce mai awon hatsin da bai taɓa duba gindin mudunsa ba, in ya lotsa, sakacinsa ne. Yanzu akwai takarda manne a gefen akwatin, an rubuta ranar da aka gwada shi da abin da aka samu. Ya ce zai riƙa sakewa sau biyu a shekara, bayan hunturu da bayan damina, da kuma duk ranar da akwatin ya bugu.

Ga mai kai rediyo gyara, abu uku sun isa. In rediyonka na kama tashoshi a mazauninsu, kada ka yarda a taɓa gwangwanayen nan don neman ƙari. In saiti ya zama dole, ka tambayi mai gyara da me zai yi, kuma yaushe rabon da ya gwada abin. Kafin ka bar shago, ka nemi tasha ɗaya a farkon allo, ɗaya a ƙarshe, da ɗaya mai nisa a gajeren zango.

A rana ta uku aka sake saita rediyoyin nan uku, bai karɓi ko dala ba. Na kai wa kawu nasa ana gobe azumi. Ya ajiye allura a kan 103.9, ya saurara, ya matsa kaɗan zuwa 104.4, ya sake saurara. Sa'an nan ya juya gajeren zango, ya ɗaga eriya, Hausa ta fito tar.

"Madalla," in ji shi. "Gobe in za ka wuce, ka kai masa dabino da sukari. Ka ce ina gaishe shi da aiki."